Kafar Iska a Bangon Baba

Nyarto, 19 ga Satumba, 1998

Yaya Taya,

Gaisuwa mai yawa zuwa gare ki da Baba da mijinki Gerasim. Yaya ƙafar tasa? Ina fata ya daina zuwa kamun kifi da ita yana dawowa yana ɗora miki laifi. Ni lafiya ƙalau, ban da tarin nan nawa da ya sake motsawa tun da na shiga ƙurar kwal. Kada ki karanta wa Baba wannan layin, ki tsallake shi.

Na iso ranar goma ga wata. Jirgi mai saukar ungulu ya ajiye ni da akwatin kayan aikina a bayan makaranta, ya juya tun kafin in canza shawara. Garin mutum ɗari uku ne da 'yan kai, teku a gabansa, bayansa fili har iyakar gani, babu bishiya ko ɗaya da mutum zai rataya hula. Kwangilar da na karɓa ita ce in ɗumama garin har ƙarshen Mayu. Manyan tukwane biyu ne a gidan wuta, sai bututun ruwan zafi da ya ratsa gida arba'in da makaranta da ɗakin shan magani. Tukunya ɗaya ta girme mu duka. Ɗayar sa'arki ce, kuma halinku ɗaya, sai an lallashe ta take aiki.

Satin farko ban ma taɓa tukunya ba, kafofin iska na bi ina buɗewa gida gida. Abin da na zaro daga bangon mutanen nan ya isa a buɗe shagon gwanjo. A ɗakin girkin makaranta wandon namiji na zaro cikakke, har da maɓallansa. Mai dafa abincin, wata ƙatuwar mata da ake kira Zoya, ta tsaya a kaina da ludayi a hannu.

Ta ce, "Mayar mini da shi inda ka same shi. Shekara shida yana nan, ba wanda ya mutu."

Na ce, "To mai wandon fa?"

Ta ce, "Shi ya mutu, amma ba iska ce ta kashe shi ba, kwalba ce."

Mun rabu a kan za ta riƙa ba ni miya kullum, ni kuma in bar ta ta riƙa zagina kullum, amma kafar tana nan a buɗe.

Wannan ne ma ya zaunar da ni rubutu. Ranar Pokrov, idin shigowar hunturu, ta kusa, na san kowane gida a Lomva zai fito da gansakuka da tsumma a toshe duk inda sanyi ke shiga, kuma Baba ne sarkin masu toshiya. Ki bar shi ya toshe na ƙarƙashin gida da na zaure, waɗannan nasa ne. Amma kafar da na huda a bango da rani na sa mata bututu, can ƙasa a gefen tsohon gadona, kada ya taɓa ta. A da gidan nan ta ko'ina yake numfashi, ta tsagar taga, ta ƙasan ƙofa, ta tsakanin katako. Ni da hannuna na cire tsofaffin tagogin na sa masu gilashi biyu, na bi duk wata tsaga na cike ta da kumfa. Yanzu hancin gidan ɗaya ne tak, kafar nan. Kin kuma san Baba da rufe marfin bututun hayaƙi tun shuɗiyar wuta tana rawa a kan garwashi, wai kada ɗumi ya gudu. Shekara hamsin yana yin haka tsagogi suna cetonsa bai sani ba. Na yi masa bayani sau uku, ya gyaɗa mini kai irin gyaɗawar da yake yi wa likita.

Ki gaya masa zan zo ranar sunansa, ranar waliyyi Spiridon da ya ci sunansa, ashirin da biyar ga Disamba. Bana ba fashi, na riga na sa sunana a jirgin ranar ashirin da uku.

Ƙaninki,
Arkadi

Lomva, 17 ga Oktoba

Arkasha, autan Mama,

Wasiƙarka ta same mu lafiya, muna gaishe ka mu duka. Ƙafar Gerasim tana nan yadda ka san ta, da safe ta kumbura, in an ce kifi ya taso ta warke. Na haƙe dankali buhu goma sha ɗaya, na jiƙa kabeji ganga biyu, bayana ne kawai yake ƙorafi.

Ka ce in tsallake layin tarinka. Kai ma ka san wanda ya haife ka. Ina karatu yana kallon bakina, da na zo wurin ya ce, "Kin haɗiye wani abu, Taisiya, koma baya." Dole na karanta. Ya juya kofin shayinsa, ya ce, "Ba mata, ba murhu. Yana yawo yana ɗumama gidajen mutane, shi wa ke ɗumama nasa?" Na ce ai kai ka zaɓa, ya ce in yi masa shiru.

Tagoginka sun zama abin kallo. Duk Lomva ta zo ta shafa su, tsofaffi har da ƙwanƙwasawa. Baba ya zauna a kujera kamar shi ya ƙera gilashin, kowa ya shigo sai ya ce, "Ɗana ne, na arewa." Ni da nake kawo masa miya kullum da rana shekara huɗu ban taɓa jin ya ce wa wani 'yata ce ba, amma ba komai.

Ranar Pokrov an yi toshiya yadda aka saba, dusar ƙanƙara ma ta sauka da safe, alamar hunturun bana zai yi tsawo. Na gaya masa saƙonka, kada ka ce ban gaya masa ba.

Na ce, "Baba, Arkasha ya ce a bar wannan a buɗe."

Ya ce, "Tun da uwata ta haife ni ban ga mai hankali ya shiga hunturu da rami a bango ba. So kuke a ce Spiridon ya tsufa har gidansa ya huje bai sani ba?"

Na ce, "Ai aikinsa ne, ya karanta."

Ya ce, "Shi takarda ya karanta. Ni hunturu saba'in da tara na karanta, kuma duk na ci jarrabawa."

Sai ya ɗauko jar safar hannun nan da Mama ta saƙa maka, wadda 'yar'uwarta ta ɓace, ya tura a ciki. Ba wata toshiya ta kirki ba ce, safa ɗaya ce kawai, kada ka tayar da hankalinka. Gaskiya kuma iskar tana bugun idon sawu, ni ma na ji.

Ga labari mai daɗi. Tun rasuwar Mama ban ga Baba yana barci irin na yanzu ba. Mutumin da ke tashi kafin zakara, yanzu sai in zo da miya in same shi a makwancinsa na saman murhun bulo yana minshari. Yana tashi da nauyin kai, wani lokaci har ya dafa bango yana dariya wai ya bugu ba tare da ya sha ba. In ya fita ɗebo ruwa ya dawo sai ya wartsake. Tsufa ne da jin daɗi, gidan ya yi ɗumin da bai taɓa yi ba. Muska ce kawai ba ta gode maka ba. Kyanwar nan da ba ta sauka daga kan murhu yanzu ta ƙi kwana a gidan, sai ta zauna a bakin ƙofa tana kuka, har ta tare a wurina. Gerasim ya ce zafin ne ya yi mata yawa.

Ka cika shafi guda da maganar rami, ba ka tambayi ko an yi wa kabarin Mama shinge ba. An yi. Ni da mai ɗingishi muka yi.

Goggo Nyura mai kai wasiƙu za ta haye da wannan a kwalekwalen ƙarshe gobe, ƙanƙara ta fara kama bakin kogin Pechora. Daga nan ba kai ba jin mu sai kogi ya daskare har ya ɗauki nauyin mutum. Igiyar wayar ƙauyen tana kwance tun guguwar bazara, ba wanda ya zo ɗaga ta. Ka riƙa ɗaura gyale a wuya.

Yayarka,
Taisiya

Nyarto, 21 ga Nuwamba

Yaya,

Ina gaishe ku, Allah ya sa wannan ta same ku da rai, ba abin da nake roƙo sai wannan. Wasiƙarki yau ta zo hannuna. Sati biyar ta yi a hanya, hazo ya hana jirgi sauka. A tsaye na karanta ta a gidan wuta, da na zo kan labarinki mai daɗi sai da na nemi wurin zama.

Ba tsufa ba ne, Taya, ba jin daɗi ba ne. Gubar garwashi ce. Barcin nan, nauyin kan nan, dafa bangon nan, da yadda yake wartsakewa in ya sha iskar waje, duk ita ce. Ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari. Kyanwa ta fi ku hankali ku duka uku. Kin tsaya kina kallo yana tura safa a wurin da na roƙe ki da hannu biyu, sannan kin zauna kin rubuto mini alamun mutuwa ɗaya bayan ɗaya kina cewa labari mai daɗi.

Shekara takwas da suka wuce na shiga wani gida a wani ƙauye da irin wannan. Mutum huɗu muka fitar, miji da mata da tsofaffi biyu. Fuskokinsu jajur, sumul, kamar yanzu suka fito daga ɗakin wanka. Ban taɓa ba ki labarin ba don ban so ya zauna miki a kai yadda ya zauna mini.

Na je wurin mai rediyon gari na sa ya buga miki tangaraho. Na san gidan waya yana wancan ƙetaren kogi, na san Goggo Nyura ba ta da fiffike. Amma ban iya zama ba.

Duk ranar da wannan ta same ki, ki ajiye abin da ke hannunki ki je ki zare safar nan. Kada ya rufe marfin hayaƙi sai garwashi ya yi ja ya lafa, ba ko ɗigon shuɗi. Kuma kallo ba ya isa. Kullum ki ƙyasta ashana ki riƙe a bakin kafar. In harshen wutar ya karkato cikin ɗaki, gidan yana numfashi. In ya tsaya a miƙe, a toshe take. Ko ki tafi da shi gidanki, na san ba zai yarda ya bar murhun da Mama ta yi girki a kai ba, amma ki gwada.

Laifina ne tun farko. Na so in yi masa abin kirki sau ɗaya, na rufe gidan ruf na tafi na bar tsoho da ramin da bai yarda da shi ba. Da na bar masa tsofaffin tagoginsa da yanzu yana rawar sanyi yana zagina lafiya lau.

Maganar shingen Mama kin yi gaskiya, na gode muku ke da Gerasim. Rana ta faɗi a nan tun sati biyu, ba za ta fito ba sai ƙarshen Janairu. Sanyi talatin da biyar ƙasa da sifili. Tarin na nan, amma ba shi ne magana ba.

Arkadi

Lomva, 7 ga Disamba

Arkasha,

Kwantar da hankalinka, Baba na nan da ransa, yana ma zaginka yanzu haka. Mu ma lafiya. Kogi ya yi jinkirin kamawa bana, sai ranar huɗu ga wata Goggo Nyura ta haye da sanda tana dukan ƙanƙara a gabanta. Tangarahonka da wasiƙarka a jaka ɗaya suka zo, wanda ya yi gudu da wanda ya yi tafiya lokaci guda suka iso.

Maganarka ta yi mini zafi, ba zan ɓoye maka ba. Kai kana zuwa sati biyu a shekara da tsaraba, ni ce mai wanke masa ƙafa. Amma ban tsaya fushi ba sai da na dawo. Ko gyale ban ɗaura ba na ratsa ƙauyen da gudu, mutane suka ɗauka gobara ce. Na same shi yana gyaran ragar kifi, na durƙusa na zare safar, na bankaɗe ƙofa.

Ya ce, "Ke, haukacewa kika yi? Itacen da na ƙona tun safe za ki ba wa titi?"

Na karanta masa wasiƙar daga farko har ƙarshe, da labarin mutum huɗun.

Ya ce, "Waɗannan 'yan birni ne."

Na ce, "'Yan ƙauye ne, Baba, irinka."

Ya ce, "To mashaya ne."

Na ce, "Wallahi in ka sake toshe ta zan sa Gerasim ya ɗaure ka a kan keken itace mu kai ka gidana, ka kwana kusa da minsharinsa har bazara."

Nan ya yi laushi. Ya ce, "Na ji. Ɗa ya huda, 'ya ta tsare, ni kuma in daskare."

Kwana uku ke nan, kuma dole in ce ka yi gaskiya, ko da yake faɗin hakan ya fi haƙar dankali wuya. Nauyin kan ya tafi, ya koma tashi kafin zakara. Muska ta koma gidan da ƙafarta ba wanda ya kira ta. Shi ma ya lura. Jiya na ji yana ce mata, "Munafuka, ashe kin sani kika tafi kika bar ni." Yana zaune da tsohon bargo a ƙafa yana ƙunƙuni, amma ya yarda. Safar na rataye ta a ƙusa a zaure, in ka zo ka ɗauki kayanka.

Yanzu ba shi da zance sai zuwanka. Ya sa na sauko da katifar gashin tsuntsu ta Mama na shanya, ya zaɓi kifi mafi ƙiba a ganga ya ware, ya ce in gasa burodin shangi irin mai dankali da kirim da kake so. Ya tambaye ni inda za ka kwana, na ce a gadonka mana, ina kuma? Ya je ya tsaya a wurin ya daɗe, ya miƙa hannu ƙasa yana jin iskar, ya ce, "Har yanzu yana tarin?" Na ce ka ce ba shi ne magana ba. Ya ce, "Haka uwarsa ma take cewa."

Ina duba kafar kullum da rana in na kai miya. Kai dai ka zo. Kada ka yi masa irin ta bara da ta bara waccan, ya riga ya gaya wa duk ƙauyen.

Yayarka mai ƙarancin hankali, wadda kyanwa ta fi,
Taisiya

Nyarto, 23 ga Disamba

Yaya Taya,

Ina gaishe ku. Wasiƙarki ta bakwai ga wata ta zo, na karanta ta sau huɗu, Allah ya saka miki. Ki yafe mini maganar kyanwa, tsoro ne ya yi magana ba ni ba.

A gurguje nake rubutu a kan gwiwata, matuƙin jirgi ya ba ni minti goma. Jakata tana cikin jirgin tun ɗazu, yanzu na sauke ta. Shekaranjiya sa'arki ta tsage, tukunyar da na dogara da ita. Sanyi arba'in da shida. Tsohuwar ce kaɗai ke riƙe da garin, kuma ba wanda ya san halinta sai ni. In na tafi ta tsaya, cikin awa huɗu ruwa zai daskare a bututu ya farfasa su. Mafita ɗaya ce, a zubar da ruwan gaba ɗaya kafin ya daskare, kuma in aka zubar, garin ya mutu ke nan sai Yuni. Akwai jarirai goma sha ɗaya a nan, akwai tsofaffin da ba sa iya tashi. Shugaban gari bai ce mini kada in tafi ba, ya dai tsaya yana kallon jakata. Zoya ma ba ta zage ni ba yau, ta ajiye mini miya ta fita.

Ina ganin walda za ta kama in na samu kwana huɗu ko biyar. Na sa an buga miki tangaraho ma. Ki ce wa Baba kada ya jira ni ranar Spiridon, kada ya wahalar da kansa da hura wuta da tsayuwa a bakin kogi. Zan zo kafin Kirsimetinmu na tsohuwar kalanda, ranar bakwai ga Janairu tare za mu ci kifin. Na saya masa hula mai kunnuwa ta fatar barewa. Na san zai ce na yi irin ta bara. Ki ce masa bana da dalili, ko da yake na san bara ma haka na ce.

Ashana, Taya. Kada ki manta da ashana.

Ƙaninki,
Arkadi

Lomva, 2 ga Janairu, 1999

Arkasha,

Ina gaishe ka. Mu da muka rage muna lafiya, Gerasim yana gaishe ka. Tangarahona ya riga ya gaya maka abin da ya faru, na kuma san guguwa ta rufe ku, ba wanda ya ga laifinka da ba ka zo jana'iza ba. Mun binne shi ranar talatin kusa da Mama, a cikin shingen. Maza sun kwana biyu suna hura wuta a kan ƙasar kafin ta haƙu. Zan gaya maka yadda abin ya kasance, don in ban gaya maka ba za ka ƙirƙiro wanda ya fi shi muni.

Ranar Spiridon ya sa farar rigarsa tun safe, ya hura murhu sau biyu, na jera abinci a tebur. Da ɗan hasken rana ya fito ya tafi bakin kogi ya tsaya. Iska ta taso, dusar ƙanƙara ta rufe hanyar kan kogi tun daga jajibirin, ba mota ba wasiƙa, amma ya ce kai ka san hanya. Sai da na je na janyo shi. Washegari ma haka, ya hura sau uku, ɗakin har ba a iya zama da rigar sanyi. Na ce, "Baba, itacen fa?" Ya ce, "Mutum zai fito daga sanyi arba'in, ki bar shi ya shigo ya ji ya zo gida."

Duk kwanakin nan na duba kafar. Na durƙusa na leƙa, na gan ta a buɗe, baƙi ƙirin, ba komai a ciki. Ban ƙyasta ashana ba. Satin farko na yi ta yi, da na ga ya yarda sai na koma kallo kawai. Ranar Spiridon da yamma Muska ta biyo ni gida, na ce ƙamshin kifi take ji a jikina. Ka rubuta mini komai, Arkasha, har kyanwar ka rubuta mini.

Ranar ashirin da bakwai na zo da miya da hantsi. Ba sawu a ƙofar gida. Yana kwance a kan murhu da farar rigarsa, hannu a ƙarƙashin kunci, fuskarsa yadda ka faɗa. Na nemi buɗe tagarka ta ƙi buɗuwa, na ɗauki itace na fasa ta. Ka yafe mini tagar.

Gerasim ne ya zagaya bayan gida. Ya tarar an haƙe dusar da ta taru a jikin bango, an tura jar safarka daga waje, an bi da gansakuka an danne tsaf, aikin Pokrov na ƙwarai, irin wanda ba mai yi sai shi. Daga ciki ba yadda za a gani. Ni ce na rataye masa ita a ƙusa.

Na yi kwana biyu ina jin haushinsa yana kwance a akwati. Na ce taurin kai ne, bai taɓa yarda da mu ba, ya maishe mu yara har ya mutu. Sai bayan an dawo daga maƙabarta Goggo Nyura ta ja ni gefe. Ta ce ranar Spiridon ta same shi a bakin kogi, ta ce masa, "Spiridon, ka koma gida, ɗanka ba agwagwa ba ne." Suka ɗan yi hira. Ya ce mata, "Ramin nan gaskiyar yaron ce, kaina ya daina ciwo. Amma iskar kai tsaye take bugun gadonsa, ga shi da tari. Kwana biyu ne kawai. In ya tafi in buɗe musu abinsu. Kada ki gaya wa Taisiya, bakinta ya fi na uwarta." Ta ce ta yi dariya, ba ta san komai a kan ramin ba. Tun ranar take kuka.

To ka ji. Ya ji maganarka, ya kuma yarda da ita, kada ka zauna kana cewa bai yarda da aikinka ba.

Wasiƙarka ta ashirin da uku da tangarahon sun iso ranar jana'iza, a jaka ɗaya kamar wancan karon. Bayan mutane sun watse na koma na karanta masa ita a bakin kabari, har inda ka ce kada ya jira. Na gaya masa jarirai goma sha ɗaya ne. Na san da ya ji da ya zage ka, sannan ya fita ya gaya wa duk ƙauyen.

Ba zan ce kai ne ba, kai ma kada ka ce ni ce. In ma ka ce, na riga ka faɗa wa kaina. Ina kewarsa ƙwarai, kullum da rana sai in ga na zuba miya a kwano biyu. Addu'ar arba'in ranar huɗu ga Fabrairu ce. In tukwanenka sun sake ka, ka zo, ka taho da hular, Gerasim zai sa. In ba su sake ka ba ka zauna, kada a zubar da ruwan.

Ban hura murhun ba tun ranar, gidan ya daskare, na dai toshe tagar da matashi. Gadonka na nan yadda ya shimfiɗa shi, katifar Mama a ƙasa, bargo biyu, da tsohuwar rigarsa ta fatar tunkiya a kai. Abu ɗaya ne ban gaya wa kowa ba. Ranar da na same shi, bayan na fasa tagar na yi ihu, kafin mutane su iso na zauna a bakin gadon. Na sa hannu a ƙarƙashin bargon, Arkasha. Da ɗumi.

Yayarka,
Taisiya